A bar wa Boise State da ire-irenta kujerarsu

Tun daren 31 ga Disamba 2024 da Penn State ta doke Boise State da ci 31 da 14 nake jin wata magana da ta ƙi mutuwa, masu sharhi a talabijin sun yi ta, magoya baya sun yi ta, kwanan nan kuma wani abokina da muke bin ƙwallon jami'o'in Amurka tare ya sake jefo min ita, wai ai daman an faɗa, ƙananan makarantu irin su Boise ba su da abin yi a gasar cin kofin ƙasa, sadaka aka yi musu da kujerar, gara a karɓe a ba wa Alabama ko wata babba da za ta iya taɓuka abu. Wallahi maganar ta ɓata min rai, musamman da yake mutumin ya san wasan, ba baƙo ba ne.

Matsayata ita ce, kujerar da aka ware wa zakaran ƙananan jami'o'i a bar ta inda take, a kuma ƙara ɗaure ta a doka yadda babu wani kwamiti ko shugaban rukuni da zai wayi gari ya zare ta. Kuma magoya bayan Boise da suka shafe kaka guda suna cewa za su iya kayar da babba, hankalinsu ɗaya, suna da hujja a hannu.

Ga wanda bai saba da wasan ba, wannan ƙwallon Amurka ce mai kama da zari-ruga, wadda ake sa hular kwano. Idan ka kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, da bugun ƙari ya zama 7, idan ka buga ta ta bi ta tsakanin sanduna maki 3. A kakar 2024 jami'o'i 134 ne a babban mataki. Manyan rukunoni huɗu ne, SEC da Big Ten da Big 12 da ACC, sai Notre Dame da ke zaman kanta, sai ƙananan rukunoni biyar, cikinsu har da Mountain West inda Boise ta buga. Daga 2014 zuwa 2023 ƙungiyoyi 4 kacal ke shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na cin kofi, wani kwamiti mai mutum 13 ne ke zaɓen su. A 2024 aka faɗaɗa zuwa 12, aka ce zakarun rukunoni biyar da suka fi matsayi suna da kujera kai tsaye, to tunda manyan rukunoni huɗu ne, ta biyar ɗin dole ta faɗa hannun ƙarami. Kujerar da ake ta surutu a kanta kenan, ɗaya tak cikin 12.

Wai ai an lallasa su

Eh an doke su, tazarar maki 17 ba wasa ba ce. Amma duk wanda ya zauna ya kalli wasan nan da Penn State, wanda ake kira Fiesta Bowl, daga farko har ƙarshe ya san ba yadda ake ba da labarin ba ne ya faru. Penn State ta fara da 14 da nema, mutane suka ce shi ke nan an gama, sai Boise ta farfaɗo, a zubi na uku cikin huɗu ci ya koma 17 da 14, kana ganin fuskokin magoya bayan Penn State ka san hankalinsu ya tashi. Boise ta ma fi su cin fili idan aka haɗa yadin da kowa ya tafi da ƙwallo. Abin da ya kashe ta kura-kuranta ne, sau uku aka cafe ƙwallon da Maddux Madsen ya jefa, Ashton Jeanty ya zubar da ɗaya aka ɗauke, alƙalai suka kama su da laifi sau 13, bugun sanduna biyu suka ɓarar, har akwai cin da aka soke saboda laifin ɗan wasa ɗaya. Ka yi wa ƙungiya irin Penn State wannan kyautar ai ko wane ne kai sai ka kwashi kashinka a hannu.

To amma mu ɗauka ma an yi musu dukan kawo wuƙa. Me ya faru da sauran a wannan gasar? Ohio State ta ci Tennessee 42 da 17, Tennessee kuwa 'yar SEC ce, rukunin da ke kiran kansa uban kowa. Penn State ɗin nan dai ta ci SMU 38 da 10. Texas ta ci Clemson 38 da 24. Oregon da ta shigo a matsayin ta ɗaya a ƙasa, ba ta yi rashin nasara ko ɗaya ba, Ohio State ta zura mata 34 kafin ta ce uffan, aka tashi 41 da 21. Ban ji wanda ya ce a daina ba wa SEC kujera saboda Tennessee ba, ban ji wanda ya ce zakaran Big Ten ya daina zuwa saboda Oregon ba.

Haka ma lokacin da ƙungiyoyi 4 ne kawai, zallar manya. Alabama ta ci Michigan State 38 da nema. Clemson ta ci Ohio State 31 da nema. LSU ta ci Oklahoma 63 da 28. A wasan ƙarshe na Janairun 2023 Georgia ta yi wa TCU 65 da 7. Wannan wasan haka yake, idan ya karkace maka a minti ashirin na farko sai ya zube gaba ɗaya. Idan babba ya sha irin wannan kashin sai a ce yau ba ranarsa ba ce, idan ƙarami ne sai a ce daman bai cancanta ba, wannan ma'auni biyun ne ni dai ba zan haɗiye ba.

Kakar da ake son a manta

Mu koma 7 ga Satumba 2024. Boise ta je har Eugene, gidan Oregon, filin da ake tsoron shiga saboda ihu. Jeanty ya ruga yadi 192 ya ci sau uku. A zubi na huɗu Boise ce ke gaba. Sau biyu Oregon ta samu ci ta hanyar dawo da ƙwallon da aka bugo mata tun daga can ƙarshen fili, kuma sai da ta kai ga bugun sanduna a daƙiƙar ƙarshe kafin ta tsira da 37 da 34. Wannan Oregon ɗin ce ta ci wasa 13 a jere ta ɗauki kofin Big Ten, a wasan kofin ma Penn State ta doke 45 da 37. Maki uku ne tsakanin Boise da ƙungiyar da kowa ya yarda ita ce ta ɗaya, a gidanta.

Daga nan Boise ba ta sake faɗuwa ba sai a Fiesta Bowl. Ta ci Washington State 45 da 24, ta ci UNLV sau biyu, na farko 29 da 24 a Las Vegas, na biyu 21 da 7 a wasan kofin Mountain West. Ta shiga gasar da nasara 12 da rashin nasara ɗaya.

Sai kuma Jeanty, wanda ni a ganina shi kaɗai ma ya isa a ce ƙasa gaba ɗaya ta cancanci ta gan shi a babban fage. Yaron da ya soma ƙwallon sakandare a Italiya saboda aikin sojan ruwa ya kai mahaifinsa can, ya dawo Amurka ya zauna a Texas, manyan makarantu suka kau da kai, Boise ta ɗauka. Bayan ya yi suna a 2023 yana iya tattara kayansa ya koma inda kuɗi ya fi, kamar yadda ake yi yanzu, ya ƙi, ya zauna. A wasan farko na 2024 ya yi wa Georgia Southern yadi 267 da ci shida. Ya ƙare kakar da yadi 2,601, saura 27 ya kamo tarihin Barry Sanders na 2,628 da ke nan tun 1988, duk da dai Sanders a wasa 11 ya yi nasa, Jeanty a 14, wannan gaskiya ce kuma ba ta rage masa komai a idona. Ya zo na biyu a kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, bayan Travis Hunter na Colorado, a Afrilun 2025 kuma Las Vegas Raiders ta NFL, gasar ƙwararru, suka ɗauke shi a matsayin na shida a zaɓen sababbin 'yan wasa na duk ƙasar. Ranar da Penn State ta tara masa mutane a gaba, wadda ita ce ranarsa mafi muni a kakar, yadi 104 ya yi. Masu horar da NFL da ke zuba miliyoyi sun ce shi ne na shida a cikin duk yaran ƙasar, amma wai ƙungiyarsa ba ta isa ta zama ɗaya cikin 12 ba, haba.

Wai ba su buga da kowa ba

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi kuma ba zan yi kamar babu komai a cikinta ba. Buga wasa a SEC ko Big Ten kowane mako wahala ce ta daban, jiki na lalacewa, yara na jin rauni, wanda ka sa a benci ma sai ya zama gwani. Boise kuma da ƙyar ta ci Nevada 28 da 21, da ƙyar ta ci Wyoming 17 da 13, Wyoming ɗin da wasa uku kawai ta ci a kakar. Duk wannan haka ne.

Sai dai tambayar ita ce, wa ke tsara jadawalin? Boise ba ita ta hana kanta shiga babban rukuni ba, shekaru ta yi tana ƙwanƙwasa ƙofa, rukunonin nan kuma ba da cin wasa ake shiga ba, babu hawa babu faɗuwa irin na gasar Firimiya, gayyata ake yi, kuma abin da ake dubawa shi ne yawan gidajen da ke kunna talabijin a yankinka. Idaho, inda Boise take, jiha ce mai ƙarancin jama'a, shi ke nan laifinta. Kamar tallan aikin nan ne da za a ce sai mai ƙwarewar shekara biyar, alhali babu ma'aikatar da za ta ɗauke ka ka samu ƙwarewar, in ka zo kuma a ce ba ka taɓa aiki a ko'ina ba.

Kuma duk lokacin da aka ba su dama, a duba abin da suka yi da ita. 2008 sun ci Oregon 37 da 32 a Eugene. 2009 sun sake cin ta 19 da 8. 2010 sun ci Virginia Tech 33 da 30 a kusa da Washington, kusan a ƙofar gidan Virginia Tech ɗin. 2011 sun ci Georgia 35 da 21 a Atlanta, tsakiyar jihar Georgia. 2019 sun ci Florida State 36 da 31 a Tallahassee. Yawancin waɗannan a gidan mutane ne ko a unguwarsu, domin da wuya babba ya yarda ya taka zuwa shuɗin filin nan na Boise, in ya ci babu wanda zai yaba masa, in aka ci shi kuma kakarsa ta lalace. Kellen Moore, mai jefa musu ƙwallo daga 2008 zuwa 2011, wasa 50 ya ci, 3 kawai ya rasa, kuma bai taɓa samun damar buga wasan cin kofin ƙasa ba. A 2009 sun ci wasa 14 babu faɗuwa, suka koma gida da yabo kawai. Ba su kaɗai ba, UCF ta ci wasa 13 a kakar 2017, ta doke Auburn 34 da 27, Auburn ɗin da ta ci Alabama da Georgia duka a wannan kakar, su biyun kuma su suka buga wasan ƙarshe. Cikin shekara goma na tsarin ƙungiya 4, sau ɗaya tak ƙarami ya shiga, Cincinnati a 2021.

Wato a wancan tsarin kusan rabin jami'o'in da ke babban mataki suna fara kaka a watan Agusta sun san ko za su ci kowa da kowa ba za a kira su ba. Ni ban san wata gasa a duniya da za a kira ta gasa da irin wannan tsarin ba.

Wai sun tare wa Alabama waje

Alabama ta 2024 sau uku ta faɗi kafin a yi zaɓe. Vanderbilt ta ci ta 40 da 35, Vanderbilt ɗin da rabonta da cin Alabama tun 1984, har ɗalibai suka tuge sandunan fili suka ɗauka a kafaɗa suka ratsa Nashville suka jefa a kogin Cumberland. Tennessee ta ci ta. Oklahoma, wadda ita kanta kakar ba ta yi mata kyau ba, ta ci ta 24 da 3. Da aka bar ta a waje aka tura ta wasan ƙarshen kaka da Michigan, nan ma ta faɗi 19 da 13. Wannan ce ƙungiyar da ake cewa an zalunta.

Na san amsar da za a ba ni, wai da za a haɗa Alabama da Boise gobe, masu caca Alabama za su ba wa nasara. Mai yiwuwa. Ai ranar Vanderbilt ma haka suka ce, da tazarar da ta haura maki 20. Idan abin da ake tsammani zai faru shi ne ma'auni to me ya sa ake buga wasan, a zauna kawai a duba wa ya fi ɗaukar yara masu suna daga sakandare a miƙa masa kofi. Alabama ta samu dama 12 a fili ta nuna ko ita wace ce, ta zubar da uku. Kujeru bakwai aka ware wa waɗanda ba su ci kofin rukuninsu ba, duka bakwai manya ne suka kwashe. Wanda ya kasa samun ɗaya cikin bakwai, bai kamata ya dawo yana hararar ɗayar da ke hannun ƙarami ba.

Wai sa'a ce, sau ɗaya a shekara ashirin

A ranar da Boise ke fafatawa da Oregon, a wannan Asabar ɗin dai, Northern Illinois ta shiga gidan Notre Dame ta ci ta 16 da 14. Notre Dame ce ma ta biya su dala miliyan 1.4 don su zo a doke su, haka al'adar take, babba ya sayi wasa mai sauƙi a gidansa, ƙarami ya karɓi kuɗin ya riƙe sashen wasanninsa. Kocinsu Thomas Hammock kuka ya yi a gaban kyamara. Notre Dame ɗin nan ba gajiyayya ba ce, daga ranar ba ta sake faɗuwa ba sai a wasan ƙarshe na ƙasa da Ohio State ta ci ta 34 da 23, a hanya ta fitar da Georgia ta fitar da Penn State. Ƙungiyar da ta zo ta biyu a ƙasa, ƙarami ya ci ta a gidanta.

A 10 ga Satumba 2022, rana ɗaya, Appalachian State ta ci Texas A&M 17 da 14, Marshall ta ci Notre Dame 26 da 21, Georgia Southern ta ci Nebraska 45 da 42, washegari aka kori kocin Nebraska. Kafin nan akwai 2007 da Appalachian State, lokacin ma tana matakin ƙasa, ta je gaban mutum sama da dubu ɗari ta ci Michigan mai matsayi na biyar 34 da 32.

Kuma akwai dalilin da ya sa abin ke faruwa, ba aljanu ba ne. Yara ne 'yan shekara 18 zuwa 23, suna raina abokin karawa, suna rikicewa idan abu ya fara karkacewa kuma jama'arsu suka yi tsit. Kowace ƙungiya sau goma sha wani abu kawai take riƙe ƙwallo a wasa, to idan ƙarami ya iya rugawa da ƙwallo a ƙasa ya cinye lokaci, ya rage yawan damar, ya samu kyautar ƙwallo sau biyu, ya riƙe wasan kusa har zubi na huɗu, nauyin sai ya koma kan babba. Vanderbilt sama da minti 40 cikin 60 ta riƙe ƙwallo a ranar Alabama. Boise ta 2024 kuwa an gina ta daidai da wannan tsarin, ga mai rugawa da ba a kayar da shi da taɓawa ɗaya, shi ya sa magoya bayanta ke magana da ƙarfin gwiwa.

Ga kuma tarihi a wannan Fiesta Bowl ɗin, kafin Penn State sau uku suka je sau uku suka ci. TCU 17 da 10, Arizona 38 da 30, sai uwa uba na 1 ga Janairu 2007 da Oklahoma mai Adrian Peterson. Wanda bai taɓa kallon ƙarshen wasan nan ba ya nema ya kalla. Saura kamar minti ɗaya Oklahoma ta wuce gaba 35 da 28, Boise na damarta ta ƙarshe da yadi 18 a gabanta, aka jefa wa ɗaya ya cafe ya miƙa wa wani da ke tahowa a guje ta bayansa, ya tafi har ƙarshe. A ƙarin lokaci Peterson ya ci a taɓawar farko, Boise ta rama, sai koci Chris Petersen ya ce ba za a yi bugun kunnen doki ba, maki biyu za a nema a gama. Jared Zabransky ya yi kamar ya jefa dama, ashe ƙwallon na bayansa a hannun hagu, Ian Johnson ya zare ya bi ta hagu babu kowa a gabansa. 43 da 42. Makarantar da sai a 1996 ta hau babban mataki. Wanda ya taso da wannan a idonsa ka ce masa kar ya sa rai, ai ba ka yi masa adalci ba.

Inda suke da gaskiya, da inda suka wuce gona da iri

Abu ɗaya na yarda da su a kai. A tsarin 2024 zakarun rukunoni huɗu na sama ne ke samun hutun zagayen farko, shi ya sa Boise da kwamiti ya sa ta tara ta zama ta uku a jeri, Arizona State kuma ta huɗu. Wannan ya karkatar da jadawalin, har ta kai Oregon da ke matsayi na ɗaya ta haɗu da Ohio State tun a zagaye na biyu. An gyara a Mayun 2025, aka ce jeri zai bi matsayi kai tsaye, ban da ja da wannan. Hasali ma ni na fi son in ga Boise ta buga zagayen farko, duka ƙungiyoyi huɗun da suka huta ɗin nan faɗuwa suka yi a wasansu na farko.

Amma gyaran jeri daban, zare kujera daban. Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa mun san wannan labarin. A gasar cin kofin duniya ta 1966 Afirka da Asiya da yankin Ostareliya kujera ɗaya aka ce su yi kokawa a kanta, ƙasashen Afirka suka ƙaurace, sai a 1970 aka ba wa nahiyar tata ta kanta. A 1974 Yugoslabiya ta yi wa Zayar 9 da nema, Turawa suka yi ta cewa kun gani, daman ba su isa ba. Da an saurare su an zare kujerar, da babu Aljeriya da ta ci Jamus ta Yamma a 1982, babu Kamaru da ta ci Ajantina a 1990, babu Senegal da Faransa a 2002, babu Moroko a wasan kusa da na ƙarshe a 2022. Shekara 52 aka yi daga kujerar farko zuwa wasan Moroko. Ƙananan jami'o'i kuma tun daga gwajin farko da aka yi musu a sabon tsari a 2024 aka fara rubuta hukunci.

Kujerar ita kanta tana gina ƙungiya. Kocin Boise ko Memphis ko Tulane yanzu yana iya shiga falon iyayen yaro ya ce ɗanku zai iya buga gasar ƙasa daga wajenmu, kuma ba ƙarya yake ba. Yaro irin Jeanty yana da dalilin zama. Wasan Boise da UNLV na watan Oktoba, wanda a da mutanen jihohi biyu ne kawai za su damu da shi, ya zama wasan da duk ƙasa ke kallo saboda an san kujera ce ake nema.

Abin da ya fi ci min rai shi ne su waye ke maganar sadaka. Yarjejeniyar talabijin ta Big Ten ta haura dala biliyan 7 a shekara bakwai, wadda Mountain West ta ƙulla a 2020 dala miliyan 270 ce a shekara shida, a raba wa makarantu goma sha wani abu. Sabuwar yarjejeniyar gasar ƙasa da tashar talabijin ta ESPN kimanin dala biliyan 1.3 ce a shekara daga 2026, Big Ten da SEC kowacce za ta ɗauki kusan kashi 29 cikin ɗari, ƙananan rukunoni duka a haɗe kusan kashi 9. Shugaban wasannin Ohio State da bakinsa ya ce 'yan wasansu na 2024 sun samu wajen dala miliyan 20. Tun da aka buɗe ƙofar biyan yara a 2021 aka kuma sauƙaƙa sauya makaranta, ƙarami ya raini yaro shekara biyu, babba ya zo da jaka ya ɗauke. Duk wannan bai ishe su ba, sai ga Big Ten ta fito da shawarar a faɗaɗa gasar a ba ta kujeru huɗu kai tsaye, SEC huɗu, ACC da Big 12 biyu-biyu, ƙananan duka ɗaya. Wato ƙungiyar da ta zo ta huɗu a rukuninta, wataƙila da faɗuwa uku ko huɗu, tana da kujera tun kafin a busa usur, wannan ba sadaka ba ce a wajensu, amma zakaran da ya ci wasa 12 cikin 13 shi ne mai bara.

Kwaɗayin nan ya riga ya ci rukuni guda. Pac-12 da ta haura shekara ɗari ta watse a 2024, makarantu goma suka gudu inda kuɗin talabijin ya fi, aka bar Oregon State da Washington State su biyu, har Stanford da California da ke bakin tekun yamma suka koma buga wasa a rukunin gabar Atlantika, yara na keta ƙasa a jirgi ga karatu na jiransu. A 2024 Boise da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State suka amince su shiga abin da ya rage na Pac-12 daga 2026, kuma ina fatan sabon rukunin ya yi ƙarfin da zakaransa zai riƙa shiga ba sai an yi masa alfarma ba. Amma hakan na nufin Mountain West ta rasa manyanta, kuma Wyoming da Nevada da New Mexico sun ƙara nisa da ƙofa, su ma ɗalibai ne da su, da garuruwan da ke cika fili ranar Asabar.

Shi ya sa nake ganin in har za a faɗaɗa gasar zuwa 14 ko 16, kujerar ƙanana ta zama biyu, kuma a wajabta wa kowace babbar makaranta ta riƙa zuwa gidan ƙarami lokaci-lokaci, ba kullum ta aika da cek ta zauna a gida ba. Su zo Boise a watan Nuwamba, cikin sanyi, a kan shuɗin fili, sannan mu zauna mu yi maganar wa ya buga da wa.